Mai Fanka da Tauraro Mai Rangaji

Shekara talatin ke nan yayana yana gyaran fanka, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Fanka. Shagonsa ɗan tsukuku ne, fukafukai a rataye, notuna cike da gwangwanin madara, ga tsanin da ya girmi 'ya'yansa. Baki gare shi kuwa! Ka kawo masa fanka, sai ka sha tarihinta kafin ya taɓa ta.

Abu ɗaya ke kashe masa baki: a tambaye shi me Auta, 'yarsa, take karantawa a jami'a. Sai ya hau sosa ƙeya ya ce, "Abin sama ne dai." Wallahi abin yana cin sa. Ya taɓa ce min, "Ni na haife ta, amma in tana zancen karatunta, baƙo nake komawa a gidana."

Da ta zo hutu na same su a shago da hantsi, tana ta fama da shi. Wai wata ƙatuwar duniya take bincike a kai, wadda ta ninka tamu sau ɗaruruwa, tana zagaya wani tauraro can nesa.

"Kin gan ta da idonki?" in ji shi.

"A'a Baba, ba a ganinta. Tauraron muke kallo. Yana ɗan rangaji, don nauyinta yana jan sa."

Yaya ya ajiye sukudireba. Ya hau tsani, ya ɗaure noti a fiffiken fankar shagon, ya sauko ya kunna. Nan take ta hau rangaji.

"Haka?"

"Haka, Baba!"

"In nauyin ya ƙaru, rangajin ya ƙaru?"

"Ai da shi muke auna ta."

"Kai! Wannan ai aikina ne!" Ya tafa hannu, sannan ya gyara tsayuwa. "To yaushe za a hau a daidaita tauraron?"

Ni da Auta muka yi dariya har da hawaye. Ta ce ba a gyarawa, haka Allah ya yi shi. Ya ce, "Ku 'yan boko ke nan, ku gano matsala ku bar ta."

Yanzu kowa ya kuskura ya tambaye shi Auta, sai ya ba shi kujera. Jiya na ji yana faɗa wa mai shayi: "Sana'ata yarinyar nan ta gada. Tsaninta ne kawai ya fi nawa tsawo."