Inda Inna Take Sakin Igiya

Shekarar da Nasara suka bi dajin arewa da garinmu suna kafa alamun iyaka, har aka wayi gari Konni ta zama ta Faransa mu kuma a Illela muka faɗa hannun Ingilishi, a shekarar ne idon Inna ya ƙarasa rufewa. Yanar ido ce ta daɗe tana cin sa a hankali. Duk da haka ba ta taɓa neman ɗan jagora ba, don ƙafarta ta san gidan.

Ana cikin damina ta fito da butarta, ƙafa ta sarƙe da dokin ƙofa ta faɗi. Ba ta karye ba, amma ta daɗe a kwance. Labari ya kai wa yayata da ke aure a Konni, ta aiko cewa da an cire amfanin gona za ta zo da jaki ta ɗauke ta. Da aka gaya wa Inna, sai tuwonta ya riƙa dawowa kusan yadda aka kai shi. Na gane in aka fitar da ita daga gidan nan ba za ta kai wata damina ba.

Ni ne autanta, amma ban tashi a gabanta ba. Tun ina ƙarami kawuna ya ɗauke ni riƙo a Amarawa, na girma ina bin jakunansa da kanwa da gishiri, karatuna bai wuce na salla da ɗan rubutun nan ba. Sai bayan rasuwar Baba na dawo da mai ɗakina. Kuma ni mutum ne mai gaggawa, ba na tambaya. Allah Ya yafe mini.

Na kai Inna Kalmalo wurin ƙanenta da sunan ta sha iskar tafki, ban gaya mata abin da na ƙudura ba. Na kira magini muka sare dokin ƙofa, muka yi gangare a madadinsa don kada ruwa ya shiga. Muka faɗaɗa ƙofar. Muka rushe tsohon gadon ƙasa, wanda sai ta dafa take hawa, da niyyar gina gajere. Magini ya tafi wani aiki, ya bar ni da ƙarashen.

Tsakanin ɗakinta da makewayi akwai wasu 'yan tudu uku, ba wanda ya wuce idon sawu, da tsingaro a nutse a kansu. Ni kaina na sha tuntuɓe da su. Na ce tsohon juji ne. Ƙasar gadon ta kasa, kududdufi kuma da nisa, sai ganda ta sa na ɗauki fartanya na kankare su na zuba a kwaɓi. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, ta haɗu da ruwa ba wuya. Na gina gadon, na daɓe tsakar gida ya zama sumul, na kafa turaku na ja igiyar kaba miƙe daga ƙofarta har makewayi. Na tsaya ina kallo ina jin daɗin kaina.

Da Inna ta dawo, ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofar da babu shi. Ta lalubi gadon, ta shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, ta bar tafin hannunta a kai har na gaji da tsayuwa. Sannan ta tambaye ni daga ina aka ɗebo ƙasar. Na ce daga kududdufi.

"Duka, Auta?"

Na ce duka. Ba ta sake tambaya ba.

Igiyar ta karɓa, amma ba yadda na so ba. Takan kama ta ta yi 'yar tafiya, sai ta saki, ta karkata gefe ta yi kwana a fili tana tattare bakin zanenta, ta dawo ta sake kamawa. Gaba kaɗan ta sake, gaba kuma ta sake. Kullum a wurare guda. Ba komai a wurin sai daɓe mai santsi. Na fi ganin haka da tsakar rana, lokacin da gari ya yi tsit, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu, sai ƙarar takalminta kawai. In ta zo kwanar bakinta yakan motsa. Na yi mata magana, na ce hanya a share take, ta riƙe igiya kada ta faɗi. Ta ce to. Washegari ta yi yadda ta saba.

Mai ɗakina ce ta fara jin tsoro. Ta ce in ta kai fura da azahar takan tarar da Inna kwance a can bakin gado, kamar za ta faɗo, ta bar wajen bango fili. Ta ce ta taɓa jin ta tana cewa a hankali, matsa kaɗan. Na leƙa da kaina wata rana. Tana barci, hannunta ɗaya a miƙe ta baya yana bubbuga gadon sannu sannu. Ba a hura wuta a ƙarƙashinsa ba, amma da na taɓa wajen bangon na ji ɗumi. Na gaya wa kaina rana ce ta daki ɗakin.

Abin mamaki, ta koma cin abinci. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don na ɗauka ruɗewar tsufa ce ta zo. Na san in Yaya ta gani, magana ta ƙare. Na hana mai ɗakina faɗa wa kowa.

Yaya ta iso bayan an ɗaure gero, da jaki da shimfiɗa a kansa. Na zaga da ita ina nuna mata gangare da ƙofa da gado, ina ta surutu. Ta ce aiki ya yi kyau, amma makauniya ba igiya take bukata ba, 'ya take bukata. Muna zaune a inuwar zaure ina roƙon Allah kada Inna ta fito, sai ga ta da butarta. Ta kama igiya. Ta saki, ta yi kwanarta, ta dawo. Na fara kame-kame, na ce yau ne kawai. Yaya ba ta ji ni ba. Ta miƙe tsaye tana kallo har Inna ta yi ta ukun, sannan ta juyo.

"Auta, ina tudun da ke nan?"

Na ce na share su don kada ta yi tuntuɓe.

"Mi ka yi da ƙasar?"

Idona ne ya tafi ƙofar ɗakin, nata ya bi shi. Ta zauna a ƙasa inda take.

A nan ta gaya mini abin da kowa ya ɗauka na sani. Kafin ni, Inna ta haifi uku da ba su kai ranar suna ba, aka rufe su a cikin gida yadda ake yi wa jarirai. Na ƙarshen Yaya ta gani da idonta, tana yarinya. Na farkon kuwa shi ne ɗan fari, wanda ko da ya rayu Inna ba za ta ambace shi ba don kunya, balle da ya koma.

Inna ta dawo ta same mu a wurin. Yaya ta durƙusa ta ce mata ta zo ne su tafi, amma muryarta ba ƙarfi. Inna ta jingina butar da bango.

"Can da, ƙafata kaɗai ke gaishe su," ta ce. "Yanzu wanga yaro ya kawo min su ɗaka. In bar su da wa?"

Yaya ta kwana biyu ta koma da jakinta ba kowa a kai. Na je wurin limamin unguwarmu na faɗa masa komai. Ya ce fartanya ba ta kai inda suke ba, in yi istigfari in yi sadaka, kada in rushe gadon. Na dawo na tumɓuke turakun. Na roƙi Inna ta yi tafiyarta, ina biye da ita ina kafa turke duk inda ta karkata, har igiyar ta zama a karkace kamar hanyar tururuwa. Daga ranar ba ta sake sakin ta ba, kuma ba ta sake faɗuwa ba har Allah Ya karɓi abinsa, a kan gadon nan, a bakinsa.

Igiyar ta daɗe da ruɓewa. Yanzu ni ne tsohon gidan, idona ya fara hazo, kuma a ɗakin nake kwana don ya fi sauƙin shiga. Jikokina suna dariya wai Kaka ba ya iya miƙe hanya a tsakar gida. Mai ɗakina kuma ta daina tambayata dalilin da nake kwanciya a bakin gado.