Ranar Da Na Cire Kiɗana Da Bakina

Har gobe ina tuna ranar da muka zauna duba kiɗan wani fim a situdiyonmu da ke garin Alexandria. Fim ne na yaƙi a sararin samaniya, jirage na ta harbin juna. Lokacin ni mataimaki ne. Maigidana ke tsara kiɗan, ni kuma in rubuta wa masu goge da masu busa da masu ganga abin da kowa zai yi. A fim ɗin ne ya fara ba ni wuri guda in tsara da kaina: inda jirgin jarumar fim ɗin ya tarwatse, ta rage ita kaɗai tana shawagi. Idan kiɗan ya shiga, sunana zai fito a ƙarshen fim.

Ina son sunan nan ƙwarai. Surukina, Baba Alhaji na garin Laurel, likita ne, kuma bai taɓa ɗaukar aikina a bakin komai ba. In aka tambaye shi sana'ata, cewa yake, "Yana dai harkar kwamfuta."

Ƙa'idar dubawa ita ce a kalli kowane wuri da kiɗa, a sake kallonsa babu kiɗa. Aka sa nawa, goge na kuka, ganguna na ruri, ni kuwa sai washe baki nake. Aka sake kallo babu kiɗan. Ba ka jin komai sai numfashin jarumar. Nan take na daina washe baki.

Darakta ya juyo ya ce, "Kai ka rubuta. Wanne ya fi?"

Na dubi maigidana, ya ƙi kallona. Na ce, "Shirun ya fi." Aka cire kiɗan, sunana ya bi shi. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Da fim ya fito, matata ta lallaɓa mahaifinta muka je kallo. A hanyar komawa ya ce, "Kai, hayaniyar nan har kaina na ciwo. Amma inda yarinyar nan ta rage ita kaɗai aka yi tsit, wallahi sai da na yi mata addu'a. Dabarar wa ce?"

Matata ta ce, "Baba, ga shi nan yana tuƙa ka."

Sai Baba Alhaji ya ce, "Ashe makaɗa ma sun san lokacin yin shiru."

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin nan bayanmu: fim ake yi wa kiɗa, ba sunan mai kiɗa ba. Baba Alhaji kuwa tun ranar bai sake cewa ina harkar kwamfuta ba.