Furen Kaka a Kan Tambur

Jiya a gidan waya aka sayar mini da tambur na manna wa wasiƙa, mai hoton jan furen dutse, wai gwamnati na kiyaye shi. Sai na tuna Kaka, mai maganin jarirai.

Shekarar da na gudu daga makarantar lekol ta kai ni dutsen bayan garin Dogo, hannunta na warin ɗanyen ganye. Na tumɓuke furen, ta make ni. "Mijin banza, ganye ake tsinka. Saiwa ta jikokinka ce." Ta mayar da shi, ta danne ƙasar da yatsa.

Bara gwamnatin nan ta fasa dutsen, aka zuba tsakuwarsa a hanya. Na lashi tambur ɗin, danƙo ya cika mini baki, na tofar.

Allah ya jiƙan Kaka, ya tsirar mata da furenta inda babu mai fasa dutse.