Barau Ba Ya Ɗaure Fanka

A garejin da ke bayan tashar Faskari akwai makanikai bakwai. Shida daga cikinsu za su ɗaure maka fankar mota kafin ka gama shan shayi. Na bakwai shi ne Malam Barau, kuma shi ko da wa ka zo ba zai yi ba.

Haifaffen Ruwan Godiya ne. Yana saurayi ya tafi Funtuwa ya koyi gyaran injin gas, ya shekara tara a can, ya koma gida ya haɗa noma da kanikanci. Da 'yan bindiga suka hana shiga gona, sai ya kwashi iyalinsa da akwatin sifanoninsa ya dawo Faskari, yana da shekara hamsin da bakwai, ya kafa rumfa ta kwano huɗu.

Yawancin aikin garejin na motocin a-kori-kura ne masu shan gas, waɗanda ke ɗebo masara da waken suya daga Sabuwa. Fankarsu ba ta bin inji kai tsaye. Tsakaninta da shi akwai wani ƙarfe kamar faifai, kulocin fanka, da wani irin mai a cikinsa, mai kauri kamar zuma. In an tada mota da safe, fanka ta yi gurnani na ɗan lokaci, ta lafa. Tana nan tana juyi a hankali har sai iskar lagireto ta yi zafi, sannan kuloci ya kama, ta ɗauki ƙara kamar jirgi zai tashi. Zafi na sauka, ya sake ta. In kuwa man ya tsiyaye, kuloci ba ya kamawa, mota ta tafasa a kan hawa.

Tafasar nan direbobi ke tsoro, don babu mai son tsayawa a dajin Sabuwa. Shi ya sa suke sa a huda kulocin a zura noti biyu, fanka ta riƙa gudu da inji dare da rana. Barau ya san tsoronsu, ya kuma san ba na banza ba ne. Amma shi sai dai ya kwance kulocin, ya wanke, ya zuba sabon mai, ya sa hannu ya wulla fankar. In ta yi ɗan motsi ta tsaya, ya ce lafiyarta lau. In ta yi ta walagigi, ya sake kwancewa.

Wata Talata Alhaji Salahuddeen, mai motoci huɗu a tashar, ya zo da kansa.

"Malam Barau, aiko maka na yi a ɗaure fanka, ka maido mini mota yadda take. Mi ke nan?"

"Na gyara ta, Alhaji. Kulocin na kamawa yanzu."

"Ban ce ka gyara ba. Ɗaurewa na ce."

"Fankar roba ce. Ba a yi ta don ta bi inji in an take totur ba. Za ta sha maka gas, ta cinye boris ɗin famfon ruwa, wata rana fiffike ya ɓalle ya shiga lagireto."

"Motarka ce ko tawa?"

"Motarka ce. Amma ba da hannuna ba."

Ranar Alhaji ya janye motocinsa duka, ya kuma baza a tasha cewa tsohon ya rikice. Wata biyar rumfar Barau ba ta ga a-kori-kura ba, sai injin ban ruwa da na niƙa. Matarsa Barakatu ta ce masa, "Malam, noti biyu ne fa. Kowa na yi." Ya ce ya sani, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Cikin watan tara, masara ta kai ƙirji, aka bugo waya gareji bayan azahar. Gide ne, ɗaya daga direbobin Alhaji. Yana fitowa daga kasuwar Sabuwa da buhuna da mata shida a baya, ya take mota don ya wuce wani kwari da ake tsoro, fiffiken fanka biyu suka ɓalle suka farke lagireto. Ruwa ya zube kaf. Suna tsakiyar daji.

Makanikan suka dubi juna. Wanda ya ɗaure fankar ya ce cikinsa na ciwo. Barau ya miƙe. Ya ɗauko tsohon lagireto da ya taɓa liƙewa, da fanka, da kuloci guda da ya cika da mai, ya ɗaure su a bayan babur ɗinsa tare da jarkar ruwa. A shingen ƙarshe 'yan sa-kai suka tare shi.

"Baba, ba a wucewa yanzu."

"Akwai mata shida a gaba. In za ku ɗauko su, in koma."

Suka ɗage masa itacen.

Ya ishe motar a gefen hanya, bonet a buɗe, matan na zaune a inuwarta. Gide ya fara ba shi haƙuri, Barau ya ce ya bar wannan, ya riƙe masa sifana. Sun sauke yagaggen lagireton, sun ɗora wancan, Barau na haɗa kulocin da ya zo da shi, sai suka ji babur na tahowa daga cikin daji, ba ta kan hanya ba. Matan suka faɗa cikin masara. Gide ya ja rigarsa.

"Baba, taho."

"Tafi ka tsaya da su. Ni guiwata ba ta gudu."

Mutum biyu ne a babur ɗaya, da bindiga kowannensu, na bayan ya naɗe ƙafa da tsumma mai jini. Babur ɗin na tari, mai ya kusa ƙare masa. Na gaban ya sauka, ya leƙa bayan motar, ya ga buhuna, ya zagayo. Barau bai ɗago ba. Ya ci gaba da juya sifana.

"Tsoho, ina masu motar?"

"Sun bar ni da ita."

"Kai ba ka jin tsoro ne?"

"Ina ji. Noti biyu suka rage mini."

Mutumin ya tsaya yana kallonsa, da furfurarsa da rigar da baƙin mai ya cinye. Na kan babur ya yi nishi, ya ce su tafi. Suka karɓe wayar Barau, suka hau babur ɗinsa, suka yar da nasu a kwalbati.

Sai da ƙararsu ta ɓace sannan Barau ya zauna a ƙasa ya jingina da taya. Bayan ɗan lokaci ya tashi, ya ɗaure notin, ya zuba ruwa, ya kira Gide. Matan suka fito ɗaya bayan ɗaya, wata ba takalmi. Suka kama hanya. A hawan farko, mota cike da kaya, fanka ta ɗauki gurnani, Gide ya ɗaga ƙafa a tsorace.

"Taka," in ji Barau. "Aikinta take yi."

Allurar zafi ta sauko, ƙarar ta lafa. Suka shiga Faskari ana kiran magariba.

Alhaji Salahuddeen bai zo ya ba da haƙuri ba, kuma har yau motocinsa biyu da ɗaurarriyar fanka suke yawo. Gide dai ya ce ba zai ƙara tuƙa irinsu ba, wasu direbobi uku suka bi shi. Babur bai dawo ba. Barau da keke yake zuwa gareji yanzu, guiwar na damunsa, yakan sauka ya tura in ya zo hawan makaranta.

Barakatu ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A rana ta uku ta ajiye masa koko, ta tsaya a kansa.

"Da sun tafi da kai fa, Malam?"

"Da kin ji labari."

"In aka sake kira, za ka je?"

Ya kurɓi kokon, ya ce sukari bai ji ba. Ta ɗauke kofin ta shiga ɗaki, yana jin ta tana faɗa ita kaɗai tana motsawa da cokali.