Goron da Na Ba Ɗankurmi

Ranar wata Laraba ce, a damanar da na cika shekara tara. Ruwa ya ɗauke da hantsi, tsakar gidanmu na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ni kuma ina tsugune gaban kejin akun kakata da ɓarin jan goro a tafin hannuna. Har yau in na rufe ido ina jin ɗigon ruwa daga indararo, ina ganin jar wutsiyarsa, da yadda ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya kafin ya miƙo ƙafa ya karɓa.

Ɗankurmi muke ce masa. Kakana Alhaji Ummaru, falken goro, shi ya zo da shi daga kudu tun ba a haife ni ba. Da tsohon ya rasu, sai muryarsa ta rage a bakin tsuntsun. Kullum da hantsi zai yi gyaran murya irin na Alhaji, ya ce, "Hajo, ina hurata?" Hajo ita ce kakata. Takan dakata da kaɗin audugarta ta amsa, "Ga ta nan tahe, Alhaji," sannan ta ci gaba da murza mazari tana murmushi. Shekara uku tana amsa kiran nan, kuma ba wanda ya taɓa yi mata dariya a gidan.

Abincinsa aikina ne. Kafin in wuce makarantar boko sai na tsinko masa zogale daga bishiyar bayan rijiya, in wanke, in haɗa da ɗan ganyen ɗoɗɗoya, in sake masa ruwa. In gero ya fara nuna a gonarmu ta hanyar Wamakko, ɗanyar zangarniya ake rataya masa, ya wuni yana lilo da ita. Akwai ɗanyar masara, da gwanda, da gwaiba, da karas na fadama, da magaryar da nake cika aljihu da ita in mun dawo daga wanka a gulbi. Jan barkono kuwa kamar alewa yake cinsa, mu da ke kallo ne idonmu ke ruwa. Kawuna Bello, da ke tuƙa motar siminti daga Kalambaina, in ya dawo daga kudu yakan zo masa da kwakwar manja. Ranar nan sallar Ɗankurmi ce, bakinsa ya yi jajir, ba ya kula kowa. Dokar Hajo gajera ce: "Ban da gishiri, ban da albasa, ban da abin da yag ga mai."

Abin da ke cina shi ne, tsuntsun nan yana kwaikwayon kukan akuya, da kiran mai tallan nono, da tarin maƙwabcinmu, amma bai taɓa faɗin sunana ba. In mun gama langa ko ƙwallon tsumma abokaina suka biyo ni gida, sai su ce, "Kai ka wahala da shi, shi ko sunanka bai sani ba." Sai na fara lura da tsofaffin da ke zama a zaurenmu. Sukan zo shiru, kowa na jan carbi, amma da an fasa goro an raba, magana ta ɓalle ke nan har azahar. Na yanke a raina cewa magana a cikin goro take. Kuma a gidanmu goro abin girmamawa ne, shi ake miƙa wa baƙo, shi ake rabawa a suna. Ta ina zai cuci wani? Ita kanta Hajo ba ta sa shi a doka ba, don bai taɓa zuwa mata a rai ba.

Kwana huɗu ina ɗebowa daga huhun babana ina ba shi a ɓoye. Ranar farko ya yi ta tsalle yana kaɗa fuka-fukai yana ihu, na ce magani ya fara aiki. Rana ta huɗu na tarar da shi a ƙasan keji, gashi a tashe, yana rawar jiki, ƙirjinsa na bugawa har ana gani. Hantsi ya yi, ya wuce, ba kira. Hajo na zaune da mazari a hannu, ba ta murza ba. Da ta taso ta leƙa kejin, ta ga jan ɓarɓashi, sai ta juyo a hankali.

"Angona, mi kab ba shi?"

Na faɗa mata. Ban manta ba, na so ta doke ni. Ba ta doke ni ba. Cewa ta yi, "Goro da ka hana ƙato kwana, shi kab ba wanda zuciyatai ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba?"

Ta ɗauke kejin ta kai ɗakinta, ta lulluɓe gefe ɗaya da zane. Ta jiƙa gero har ya yi laushi, ta murtsuke nunanniyar gwanda a kan yatsa, ta tsinko tohon zogale, tana miƙa masa tana lallashi, "Ci kaɗan, ɗan albarka, ci kaɗan." Haka ta yi ta yi mako biyu. Nakan kwanta a tabarmarta ina kallon hasken taga na tafiya a bango, ƙamshin gwanda da na turaren wuta sun haɗu, maganar nan ta "ci kaɗan" tana ta zagayawa a kunnena har in rasa ko barci nake.

Ya tashi. Gashinsa ya koma sheƙi, kukan akuya ya dawo, tallan nono ya dawo. Kiran Alhaji ne bai dawo ba. Kowane hantsi Hajo takan sassauta kaɗi ta kasa kunne. Ni kuma in ɓuya bayan keji ina ƙaƙalo muryar tsoho, ina maimaita masa maganar furar, ko zai tuna. Wata rana ta ji ni, ta ce, "Bar shi, angona. Alhaji ya ƙoshi."

Yanzu Hajo ta daɗe a ƙasa. An raba gidan, inda zogalen yake shaguna ne. Ina zaune a unguwar Gidan Igwai, ina tuƙa keke mai ƙafa uku, bayana ya gaji, likita ya hana ni gishiri da goro. Ɗankurmi yana wurina, ya tsufa, ido ɗaya ya yi hazo. An sha nuna mani abincin tsuntsaye na cikin leda mai hoto, ban saya ba. Zogale nake tsayawa in saya masa a bakin titi, da gwanda in ta samu. Wani lokaci in na dawo a gajiye, na ture kwanon abinci gefe na jingina da bango, sai in ji daga kan baranda, da muryar Hajo sak, "Ci kaɗan, ɗan albarka, ci kaɗan." Nakan jawo kwanon in ci.

Sunana dai har yau bai faɗa ba, ni kuma na daina nema.