Jiragen da suka juya

Shekara shida na yi ina gadin hotuna a wani gidan tarihi a Landan. Aikin tsayuwa ne, waya kuma tana kulle a akwati sai lokacin shayi.

A ɗakin da aka fi ajiye ni akwai zanen wani gari na bakin teku a Faransa, wanda sarkinsu ya yi wa ƙawanya kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce. Ya tare ƙasa, ya datse bakin ruwa da duwatsu. Jiragen Ingila suka zo da abinci, mutanen gari suna hango su daga kan ganuwa, suka kasa shiga, suka juya. Mai zagayawa da baƙi kullum sai ta lissafa abin da aka ci a garin: dawaki, karnuka, ɓeraye, fatar takalmi. Baƙi su yamutsa fuska, su wuce ɗakin gaba. Ni ma ko a jikina.

Sai daminar da 'yan bindiga suka zagaye garinmu. Ba shiga, ba fita, layin waya ya ɗauke. Innata tana ciki, ga ciwon suga, maganinta kuma daga birni ake kawowa. Na saya mata na wata uku a unguwar Woolwich nan Landan, na rasa wanda zai kai. Direbobi suka ce ko nawa zan biya ba su zuwa.

Daga nan na tsani zanen. Masu ganuwar ba su dame ni ba, jiragen nake harara, cike da abinci, ba amfani, kamar ni. Abokin aikina, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ya lura.

"Hajiya, mu yi swap. Ka je ɗakin tukwane."

Na ƙi. Taurin kai gado ne a gidanmu.

Ranar wata Laraba, a lokacin shayi, na buɗe akwati na ga kiran ƙanena. Na kira shi ina tsaye.

"Yaya, sai haƙuri. Inna ta rasu, yau kwana tara."

Na yi salati, sannan na hau shi da faɗa. Wata biyu ba wanda ya neme ni?

Ya bari na gama.

"Sau biyu na hau dutse na samu layi, tana kwance. Ita ta hana in kira ki. Ta ce ta san halinki, tasowa za ki yi, hanya kuwa ba kyau."