Zabirar Babana a Shekarar Mashaƙo

A shekarar da mashaƙo ya shigo Katsina na samu aikin da na daɗe ina roƙon Allah ya ba ni. Wata ƙungiyar agaji ce ta zo da fararen motoci tana neman matan da suka iya karatu da rubutu, waɗanda za su shiga gidajen da maza ba sa shiga. Aka tara mu a wani ɗakin taro mai sanyi, aka yi kwana uku ana haska mana hotunan maƙogwaron yara a bango, muna cin shinkafa da kaza muna kawar da kai. A rana ta uku aka ba kowa riga mai aljihu huɗu, da takunkumi, da tocila, da damin takardu. Na fito ina jin kaina likita. Har tafiyata sai da ta canza, maƙwabta sun shaida.

Aikin ba shi da wuya a baki. Duk gidan da aka samu yaro da ciwon, sai mu je mu tambayi uwar: yaushe ya fara, da wa yake kwana, da wa yake cin kwano ɗaya, ina aka kai shi kafin asibiti. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da layinta a ƙasan takarda. Shugabarmu wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar kudancin Kaduna, muna ce mata Sista. Ta ce layin nan ya fi sauran duka, domin ta nan ake gane inda cutar ke tsallakawa daga wannan yaro zuwa wancan. Mace ce marar wasa, Hausarta ta fi ta wasunmu, kuma tana duba takarda kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Na fi abokan aikina samun bakin mata, ba don na fi su iyawa ba. Ni 'yar wanzami ce. Babana ya tsufa a zaurensa a Ƙofar Guga da zabirarsa, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba aska da ƙaho. Rabin yaran unguwar shi ya yi musu askin suna, shi ya cire musu beli, 'yar tsokar nan da ke reto a can cikin maƙogwaro. Da na yi sallama na ja takunkumi ƙasa aka gane ni, sai a shimfiɗa mini tabarma, a tambayi lafiyar Baba, a buɗe mini ciki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Ni kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban ma san yadda ake yi ba.

Shi mashaƙo maƙogwaro yake kamawa. Yaro ya fara zazzaɓi, ya kasa haɗiya, wuya ya kumbura, wani farin abu ya shimfiɗu a ciki ya tsare numfashi. To, a garinmu idan yaro ya kasa haɗiya, kowace kaka ta san sunan abin: beli ne ya sauko. Kuma kowa ya san inda ake kai beli.

Wata ranar Litinin, a wani gida a Kambarawa, na iso layin ƙarshe na tambayi uwar yaron da aka kwantar. Ta ce, "Ai wurin Babanki muka hwara kai shi, Allah shi saka mashi da alheri. Ya cire mashi, amma abin sai gaba shi ke yi." Na ɗora biro a kan layin, na ɗaga, na bar shi fari. Na ce wa kaina gida ɗaya ba hujja ba ne. Kafin azahar gida na biyu ya ba ni amsa iri ɗaya. A gida na uku zaman makoki na tarar, kakar yaron tana kuka tana sa wa Babana albarka.

Da la'asar Sista ta karɓi takardunmu. Tana zuwa kan nawa ta tsaya.

"Me ya sa layin nan naki babu komai har gida uku?"

"Sun ce babu inda suka je."

"Yaro ya kwana biyar yana ciwo a garin nan, ba a kai shi ko wurin mai kemis ba?"

"Haka suka ce, Sista."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ajiye takardun. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi a aikin, kuma abin da ke ba ni haushi har yau shi ne yadda ta fito daga bakina sumul.

Washegari da hantsi na tafi Ƙofar Guga. A cikin keke napep na tsara maganata tsaf: Baba, yara uku da suka bi ta hannunka sun kamu, ɗaya ya rasu, ka ajiye ƙarfen nan sai ciwon ya wuce. Na maimaita ta ya fi sau goma. Na kuma saka kwalbar ruwan kashe cuta da safar hannu a jakata, daga cikin kayan da aka raba mana.

Na same shi yana wasa aska. Gefensa ga ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake cire beli da shi, ga ɗan itacen danne harshe, suna cikin wani ƙaramin kwano da ruwa. Ga tsumman da yake goge su, tsumman da na sani tun ina yarinya.

"Uwata, ke ce da hantsin ga? Ina kwana, ina gajiya, ina yaran, ina maigidan? An ce mani kin zama likita."

"Lahiya lau, Baba. Wane irin likita, aike ne kawai."

Na durƙusa, na buɗe baki, duk maganar da na tsara ta gudu. Abin da ya fito shi ne, "Baba, an ce akwai ciwon wuya a gari. An ce a riƙa wanke ƙarhe da wannan."

Ya karɓi kwalbar, ya shinshina, ya yi dariya. "Da ƙarhen ga na cire maki naki, ga ki nan har kina koya mani aiki. Amma tunda ke kika kawo, za ni wanke. Allah shi yi maki albarka."

Na ce amin, na tashi. Ban ambaci yaro ko ɗaya ba. Ban ce ya daina ba, alhali a ɗakin taron nan an faɗa mana ɓaro-ɓaro cewa ko da ƙarfe ya fi madubi tsabta, yanka maƙogwaron yaro a lokacin mashaƙo buɗe wa ciwon ƙofa ne. Na daɗe ina cewa kunyar mahaifi ce ta ɗaure mini harshe. Akwai kunyar, ban musa ba. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinta da ban so a gani. Na hango farar mota a ƙofar zaurenmu, unguwa ta taru, ana cewa mai yawon hana cuta ashe daga gidansu take fitowa. Na ji tsoron a karɓe rigar nan mai aljihu huɗu. Sai na ce wa kaina in bari sai Juma'a, ranar da Baba ke cikin nishaɗi, in zauna in yi masa bayani a tsanake.

A cikin gidajen da nake bibiya akwai wata mata a wani kango a hanyar Batagarawa. Daga ƙauye suka gudo saboda 'yan bindiga, ita da 'ya'yanta biyu. Babban, namiji, mashaƙo ya ɗauke shi tun kafin a turo ni. Saura mace 'yar shekara huɗu. Maganin da ake ba 'yan gidan mai ciwo ya ƙare a lokacin, kullum ana cewa mota tana hanya, don haka abin da nake yi kawai shi ne in je duk bayan kwana biyu in haska bakin yarinyar. Ta saba da ni har ba ta jira in ce ta buɗe. Tana hango ni za ta wangale baki ta taho da gudu, ta cusa hannu a aljihuna tana neman tocila. Akwai ranar da wasu baƙi suka biyo mu suka ɗauke mu hoto ina haska ta. Sun sa mun maimaita sau uku don hasken bai yi musu ba, suka shiga mota suka tafi, ko sunanta ba su tambaya ba.

Ranar Alhamis na je kangon, ba ta taho da gudu ba. Tana kwance a kan buhu, yawu mai jini-jini ya bushe a gefen bakinta. Uwar kuwa ta tarye ni da fara'a, irin ta wanda ya yi abin kirki yana jiran yabo.

"Malama, na yi mata maganin abin tun bai zo ba. Jiya na kai ta wurin Babanki anka cire mata, kahin shi sauko kamar na yayanta. Da anka hwaɗa mani ke ɗiyatai ce, sai hankalina ya kwanta. Na ce gidan da ya hidda malamar asibiti, ai ba a kai ɗiya can a yi kuskure."

Ban san abin da na ce mata ba. Na dai san daga nan ofis na wuce, na nemi takardun nan uku, na cike layukan a tsaye a gaban Sista, na ƙara ta huɗu. Na so ta zage ni. Ba ta zage ni ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Litinin."

Ta cire tabarau ta riƙe goshinta. Can ta ce in zo mu shiga mota mu je wurin Baba. Na ce ba zan iya ba, sai ta tafi ba ni.

Abin da ya faru a zauren, daga bakin direba na ji. Babu taron unguwa, babu cin mutunci. Sista ta bar motar a bakin titi, ta taka da ƙafa direban na biye da ita, ta durƙusa ta gaishe shi kamar 'yarsa. Ta faɗa masa gidajen ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa masa wanda ya rasu. Baba ya tambayi yadda ciwon ke tafiya, ta yi masa bayani. Ya zuba ƙarfen a zabira, ya ɗaure bakinta, ya rataye ta a ƙusa. Tun daga ranar duk matar da ta zo da yaro mai ciwon wuya, shi da kansa ke tsayar mata da napep ya ce a kai asibiti. Abin da na kasa faɗa a kwana huɗu, baƙuwa ta faɗa kafin shayi ya huce, kuma tsohon bai ko yi gardama ba.

Ranar Asabar wuyan yarinyar ya kumbura. Ni na goya ta zuwa inda ake kwantar da su. Yara biyu-biyu ne a gado, allurar da ke karya dafin ciwon kuma ba ta isa kowa ba, ana zaɓen wanda ya fi jin jiki. Ma'aikatan sun yi abin da za su iya, na gani da idona, wasu ko zama ba sa yi. Ranar Talata da hantsi ta cika. Sista ta ja ni gefe ta ce mai yiwuwa tun daga yayanta ta ɗauka, babu wanda zai iya rantsewa. Na gode mata. Na san gaskiya ta faɗa, amma ban samu inda zan ajiye wannan gaskiyar ta yi mini amfani ba.

Na je gaisuwa kangon ina fatan uwar ta shaƙe ni. Sai ta kama hannuna da hannu biyu.

"Allah ya ba da, Allah ya karɓa, Malama. Ki gaishe mani da Baba. Ki ce mashi na gode, ya yi iyakar yin shi. Tun da munka shigo garin ga, shi kaɗai na je ƙoharshi ya ce in hau tabarma."

Na yi mako biyu ban taka Ƙofar Guga ba. Ina jin haushin kowa: haushin motar maganin da ta iso bayan an binne yarinyar, haushin masu hoto, haushin kakannin da suka san sunan kowane ciwo. Wanda na fi jin haushi shi ne Baba, domin shi ne mafi kusa, kuma ɗora masa ya fi mini sauƙi. Ranar da na je, ba zumunci ya kai ni ba. Na je ne in isar da saƙon matar nan kalma-kalma, don ya soke shi yadda ya soke ni.

Na same shi zaune hannu rabbana, ya rame. Muka gaisa gaisuwar da ba ta da tsawo. Na faɗa masa yarinyar kango ta rasu, na faɗa masa uwar ta ce ta gode, ta ce ya yi iyakar yinsa. Ban rage ko harafi ba, kuma karon farko a rayuwata ina magana ina kallon idonsa.

Sannan ya ce, "Wata 'yar hwara mai kitso biyu? Na tuna ta. Tun ban ce ba ta buɗe mani baki."

Na ce ita ce.

"Ranar da kika kawo mani kwalba, kin san da waɗancan ukkun?"

"Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Babu faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai ta mai son ya gane.

"Ni rashin sani ya sa ni, Uwata. Ke mi ya sa ki?"